An sace min kati, banki ya ce asarar tawa ce

Ni ce uwar adashinmu. Mu 12 ne, yawancinmu malaman makaranta, sai masu 'yan sana'o'in cikin gida, kowacce tana zuba naira 40,000 a ƙarshen wata. Da can a hannu ake kawo min kuɗin, amma tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira mutane suka riƙa wuni a layin ATM, sai kowa ta koma turo nata ta waya. A asusuna zubi yake taruwa kafin in tura wa mai kwasa. Ƙarshen watan Yulin 2024 zubi ya cika cif, naira 480,000, ga ɗan ragowar albashina a kai. Ranar Asabar ya kamata a kwasa.

Ranar Juma'a bayan la'asar na shiga kasuwa cefane, na tsaya wajen mai POS na ciri 20,000. Cunkoso ne irin na yammacin Juma'a, mutum a baya, mutum a gefe, kowa yana miƙa nasa katin ta saman kafaɗar wani. Na danna lambar sirri, na karɓi kuɗina, na mayar da katin ƙaramin aljihun jaka na zuge. Da na gama sayayya na hau Adaidaita Sahu, mu uku a baya. Wayata tana hannuna, shi ya sa ta tsira. Ina sauka a bakin layinmu alat ya shigo, wai an ciri 100,000 ta POS da ƙarfe 5:42. Na juya jakar, sai na ga an tsaga gefenta da reza, kati da 'yar jakar canji duk babu. Ban kai ga ƙofar gida ba na biyu ya shigo, 80,000 da ƙarfe 5:49.

Lambar da ake kiran banki idan kati ya ɓata a bayan katin aka rubuta ta, katin kuma ya tafi. Babban ɗana ne ya lalubo ta a manhajar bankin. Na kira, na'ura ta fara magana, danna ɗaya, danna biyu, sannan ta sanar da ni cewa ana naɗar kiran, sai kiɗa. Ina tsaye a tsakar gida da hijabina, kuɗin wayata yana ta zurarewa, har Allah ya sa wani saurayi ya ɗauka. Ya tambaye ni sunana, ranar haihuwata, sunan mahaifiyata, da kuɗin da na cira na ƙarshe. Duk na ba shi. Ya ce in faɗi lambobi huɗu na ƙarshen katin. Na ce masa katin yana hannun ɓarawo, ban haddace su ba.

Ya ce, "Ba komai Hajiya, ga shi nan ina ganinsa ta lambar asusunki. Na toshe shi."

Na ce, "Ɗana, ka tabbata? Kuɗin mutane ne a ciki."

Ya ce in kwantar da hankalina, ko an saka katin a na'ura ba zai ƙara aiki ba, ranar Litinin in je reshenmu in cike takarda. Wayata ta nuna kiran ya fara 5:55, ya ɗauki minti 16.

Na yi magariba, na yi isha'i, ina ta lissafin inda zan samo 180,000 kafin gari ya waye. Ƙarfe 8:20 wayar ta yi ƙara: an ciri 150,000. Ƙarfe 8:31, an ciri 125,000. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un kawai nake iya faɗa, hannuna ya kasa riƙe wayar. Ɗana ya karɓe ta ya danna lambobin nan na tauraro da ake kulle asusu gaba ɗaya da su. Ƙarfe 8:36 saƙo ya shigo cewa an kulle. Abin da ya rage a ciki bai kai 50,000 ba.

Washegari da kaina na je gidan wadda za ta kwasa. Yayata ce a wurin aiki, kuma na san kuɗin na kayan ɗakin 'yarta ne, har ta ba kafinta alƙawari. Na ajiye mata tsagaggiyar jakar, na nuna mata alat ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ta yi shiru can, sannan ta ce, "Allah ya mayar da alheri. Amma ke ma kin san halin da nake ciki." Na ce na sani Yaya, kuɗinki suna wuyana.

Ranar Litinin tun kafin a buɗe ƙofa ina bakin banki. Matar da ke teburin ƙorafi ta saurare ni da ladabi, ta ba ni fom na cike. Ta ce sai na kawo rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu kafin su tura maganar hedikwata. Na je caji ofis na ba da bayani aka rubuta, na je kotu na yi rantsuwar ɓatan kati aka buga hatimi, kowanne da ɗan kuɗin da ake kashewa. Na kawo, ta haɗa da fom ɗin ta saka a fayil. Na kuma biya aka buga min takardar shige da ficen kuɗin asusuna ta wannan watan, kuma ita ce ta fi yi min amfani daga baya, domin kowane cire kuɗi yana ɗauke da lokacinsa da sunan na'urar POS ɗin da aka yi amfani da ita. Wurare uku daban-daban ɓarawon ya je.

Amsarsu ta zo ta imel, gajeriya. Wai bincike ya nuna an yi cirar guda huɗu da ainihin katin, an kuma saka lambar sirri daidai, saboda haka alhakin yana kan mai kati, kuma sun rufe maganar. Ko kalma ɗaya ba su ce ba game da kiran da na yi.

Na koma na ce manaja nake son gani. Mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo min ruwa. Na ce masa ban zo jayayya a kan cira biyun farko ba, waɗannan an yi su kafin ku sani. Amma na kira ku, ma'aikacinku ya ce ya toshe katin, bayan fiye da awa biyu aka sake kwashe 275,000. Ya juya kwamfutarsa ya duba, ya ce abin da yake gani shi ne an kulle asusun ƙarfe 8:36, kuma bayan nan ko kwabo bai fita ba. Na ce wannan ɗana ne ya kulle, ba ku ba. Na nuna masa tarihin kira a wayata. Ya ce wannan yana nuna na kira, amma ba ya nuna abin da aka faɗa. Na ce ai kun ce kuna naɗar kira, a sauraro. Ya ce ba a reshe ake ajiye wannan ba, kuma ba a ba kwastoma.

Daga nan ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, irin wannan in an bincika sau da yawa na gida ne. Akwai wanda ya san lambarki a cikin yara?"

Wannan maganar ta fi asarar kuɗin ƙona min rai. Yaron da yake nufi shi ne ya tsayar da satar da ma'aikacinsu ya kasa tsayarwa. Na miƙe zan fita, ya biyo ni da cewa in yi haƙuri in ɗauki ƙaddara.

Na yi imani da ƙaddara, mai kyau da marar kyau. Amma wanda aka ba ajiya ba shi ne zai yi wa mai kaya wa'azin ƙaddara ba, tun bai nuna ya sauke abin da ya rataya a wuyansa ba. Ni ma ajiya aka ba ni, kuma ban je na ce wa mata 11 su ɗauki ƙaddara ba. Kuma na lura mutanenmu da yawa a daidai nan suke tsayawa. Da zarar mai kwat da lakatai ya ce lambar sirrinka aka saka, sai jikin mutum ya yi sanyi, ya ji kamar shi ne mai laifi, ya tafi gida yana cewa Allah ya isa.

Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi ritaya daga aikin banki, Baba muke ce masa. Maigidana ya kai ni wajensa da takardun. Ya sa tabarau ya bi takardar asusun layi layi da biro, ya ja layi tsakanin cira ta biyu da ta uku, ya rubuta 6:11 a kan layin.

Ya ce, "'Yata, shari'arki duk a kan wannan layin take. Abin da ke samansa da wuya ki same shi. Abin da ke ƙasansa nasu ne."

Ya bayyana min cewa bankin bai yi ƙarya ba, rabin doka ya karanto min. Ƙa'idojin Babban Bankin Najeriya kan katunan kuɗi sun ɗora wa mai kati tsare katinsa da lambar sirrinsa, da kuma sanar da banki ba tare da ɓata lokaci ba idan an sace. Amma su dai waɗannan ƙa'idojin sun wajabta wa banki ya samar da hanyar da za a sanar da shi dare da rana, kuma da zarar an sanar da shi ya hana katin ci gaba da aiki. Ya ce tun 2015 Babban Bankin ya umarci kowane banki ya buɗe teburi na musamman na yaƙi da zamba da ba ya rufewa, don a iya tsayar da kuɗi da gaggawa ko da ranar hutu ce. Sannan akwai dokokin kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na 2019, waɗanda suka sa dole banki ya karɓi ƙorafi ya ba shi lambar da za a riƙa bin sawunsa da ita. Ya tambaye ni lambar ƙorafina. Na ce ba a ba ni ba.

Ya ce daga yau in daina zuwa da baki. Duk abin da zan faɗa in rubuta, in yi kwafi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a kan nawa. Kuma in daina ba da labari tun daga kasuwa, domin labarin kasuwa shi ne yake ba su damar komawa kan lambar sirri. A zauren gidansa muka tsara wasiƙar, shafi ɗaya. Ta ce na kira layin bankin ranar kaza daga lambar wayar da ke haɗe da asusuna, daga 5:55 zuwa 6:11, na ba da rahoton satar kati, aka tabbatar min an toshe. An ciri 150,000 da 8:20 da 125,000 da 8:31. Ina neman a saurari kiran da aka naɗa, a faɗa min a rubuce wane mataki ma'aikacin ya ɗauka da ƙarfe nawa, a mayar min da naira 275,000. Muka liƙa hoton tarihin kiran, da hotunan alat, da takardar asusu, da ta 'yan sanda, da ta kotu, da imel ɗinsu na rufe magana.

Da na kai, wadda ke teburin ta ce ai an riga an rufe wannan fayil ɗin. Na ce wannan sabon ƙorafi ne, a kan kiran da na yi, ba a kan satar ba. Ta shiga ciki ta fito, ta karɓa. Na miƙa mata kwafina na ce ta buga min hatimi. Ta ce hatimin yana wajen wani da ya fita. Na ce zan jira, na koma na zauna. Kafin a tashi aka buga min, aka rubuta lambar ƙorafi a saman takardar da jan biro.

Ƙa'ida ita ce a ba banki makonni biyu kafin a wuce da magana gaba. A tsakanin nan na sayar da 'yan kunnena da sarƙar zinarin da nake ajiye da su tun na aure, maigidana ya ranto min wani abu a wurin aikinsa, na haɗa wa Yaya mafi yawan kuɗinta don kada maganar kafinta ta lalace. Daga banki kuwa saƙo ɗaya ya zo, wai ana duba ƙorafina.

Da wa'adin ya cika muka rubuta wa daraktan sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Ba a biyan ko sisi, ba a buƙatar lauya. Ana iya turawa ta imel, ana kuma iya kai takardar kowane reshen Babban Bankin, mu duka biyun muka yi. Abin da suke so a ciki shi ne sunanka da inda za a same ka, sunan bankin da reshen, abin da ya faru da ranakunsa, yawan kuɗin da kake nema, da shaidar cewa ka fara kai kukanka bankin. A nan ne kwafin nan mai hatimi ya yi ranarsa. Baba ya ja kunnena kada in rubuta lambar sirri a ko'ina cikin takardun, ko wa ya nema.

Ya kuma gargaɗe ni da wani abu da ya faru kamar yadda ya faɗa. Wani ya kira ni da wata baƙuwar lamba, da Hausa mai kyau, ya ce daga hedikwatar banki yake, an amince a mayar min da kuɗina, in karanto masa lambar da za ta shigo wayata yanzu. Na kashe wayar. Masu irin wannan kiran suna yi wa mutane da yawa ne a kan sa'a, amma wanda ke tsakiyar jiran kuɗi shi ya fi saurin faɗawa, domin maganar da yake marmarin ji ce ake gaya masa.

Bayan takardar Babban Banki ta shiga, sai yanayin ya canza. Wata mata daga sashen ƙorafi na hedikwatar bankin ta kira ni, ta fara da karanto min lambar ƙorafina, ba ta nemi wata lambar sirri ba, ta ce in je reshe akwai bayani. Manajan nan dai na samu, da takarda a gabansa. Ya ce sun saurari kiran, kuma gaskiya ne na ba da rahoto, gaskiya ne an ce min an toshe. Abin da ya faru shi ne akwai katuna biyu a ƙarƙashin asusuna a kwamfutarsu. Ɗaya tsohon katina ne da ya lalace na canza tun 2023, amma ba a goge shi daga tsarin ba. Da ma'aikacin ya buɗe asusuna, tsohon ya toshe, ya bar wanda ke hannun ɓarawo yana aiki.

Ban ji haushin yaron ba sosai, kuskure ne irin na ɗan Adam, wataƙila ma kira na ɗari ke nan da ya ɗauka a ranar. Abin da har yanzu ban yafe ba shi ne wannan bayanin yana cikin kwamfutarsu tun daren Juma'ar. Duk wanda ya buɗe zai ga an toshe wani kati wajen ƙarfe shida, minti kaɗan bayan cira biyu masu kama da sata. Binciken farko bai duba nan ba. Ya tsaya a kan tambaya ɗaya, ko an saka lambar sirri daidai, domin amsarta ita ce mai wanke banki. Sai da wanda ke sama da su ya tambaya sannan aka saurari kiran da ni na roƙa a saurara tun zuwana na biyu.

Ya turo min takarda in sa hannu. Na ce zan tafi da ita gida in karanta, ya ɗan yi jim, ya ce to. Baba ya karanta ya nuna min wurare biyu. Na farko ya ce bankin zai biya 275,000 ne don kyautatawa, ba don ya amsa laifi ba. Na biyu ya ce da sa hannuna na janye duk wata magana a kan cirar guda huɗu. Baba ya ce na farkon in bar musu, haka lauyoyinsu ke rubutawa, kuɗin dai su shigo. Na biyun kuwa kada in yarda, domin idan 'yan sanda suka kama wani ko aka gano wani abu game da 180,000 ɗin, zan buƙaci bankin ya ba da bayanai. Na koma na ce a gyara ya zama cira biyun ƙarshe kaɗai. Aka tura hedikwata, aka gyara, na sa hannu. Kuɗin suka shigo cif, 275,000. Na nemi a rubuto min abin da manaja ya faɗa da baki game da tsohon katin, wannan kam ban samu ba. Maganar da ya yi a kan ɗana ma bai ƙara tayar da ita ba, balle ya ba da haƙuri.

Game da 180,000 ɗin farko, na sa rai da farko, saboda kowace na'urar POS tana da lambarta, kuma mai ita yana da asusu mai haɗe da BVN, lambar tantancewar da aka fara tun 2014. A 2024 ma aka matsa wa masu POS su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. Gano na'urorin bai yi wuya ba, ɗan sandan da ke riƙe da maganar ya je wajen wanda aka yi cira biyun farko a gunsa, ni ma na bi shi. Wani matashi ne a ƙarƙashin lema a bakin titi, da ɗan teburi da littafin da yake rubuta ciniki. Ya buɗe shafin ranar ya nuna mana: 100,000, sai 80,000, ba suna, ba lambar waya. Ya ce wani mutum ne da takunkumi a fuska, ya ba da kati, ya danna lamba, na'ura ta amince, ya ƙirga masa kuɗi. Da ya ga an yi ta farko lafiya sai ya ce a ƙara. Jami'in ya tambaye shi ko ya duba sunan da ke kan katin, sunan mace ne fa. Ya ce, "Yallaɓai, rabin masu zuwa nan da katin matansu ko na iyayensu suke zuwa." Ban iya musa masa ba, ni kaina na sha aiken yara da nawa.

Kuɗin da aka miƙa a hannu ba su da asusun da za a bi a kulle, don haka maganar tana nan a caji ofis ba ta motsa ba. Daga 275,000 ɗin na cika wa Yaya ragowar kuɗinta, na biya rancen da maigidana ya karɓo. Zinarin bai dawo ba. Matan adashi sun zauna sun ce a raba asarar 180,000 ɗin tsakaninmu, kowacce ta ɗauki 15,000. Na gode musu na ce a'a, a hannuna abin ya faru. Abin da na karɓa daga shawararsu shi ne mu buɗe wa adashin asusu na daban wanda ba shi da kati, mu biyu muke sa hannu a kansa, kuma tun zubin watan Oktoba a can kuɗin ke taruwa.